Kyauta ko 'Yanci? Tarken Manhajar Ubuntu a Ma'aunin Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi tarken wani ikirari da ya daɗe yana yawo a bakin masana kwamfuta, watau cewa akwai manhajar sarrafa kwamfuta wadda ake bayarwa kyauta, wadda kuma aka shirya ta domin kowa da kowa, har da mutumin da bai taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba. Manhajar da aka fi jingina wa wannan ikirari ita ce Ubuntu, wadda ta fito da kirarin cewa ita Linux ce ta 'yan Adam. To, tun da yake mutanen Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, suna cikin 'yan Adam ɗin nan, ya halatta mu ɗauki wannan ikirari mu aza shi bisa ma'auninsu, mu ga ko zai cika mudu.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, darajar wannan manhaja a wurinmu tana ga iznin da ta ba mu na mu kwafa, mu gyara, mu fassara. Arahar da ake yawan ambata ba ta da nauyi sosai a kasuwarmu. Shi kuwa izni, idan ba a yi aiki da shi ba, daidai yake da gonar gado da aka bari ta zama saura.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu tsunduma, ya kamata mu daidaita kan wasu kalmomi, don kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja wadda ita ce ke tayar da na'urar, ta raba aiki tsakanin sassanta, ta kuma ba sauran manhajoji wurin zama. Wannan ita za mu kira uwar manhaja. Windows uwar manhaja ce, haka ma Android da ke cikin wayoyinmu. Kowace manhaja kuma tana da rubutun asali wanda masu ƙirƙirarta suka tsara da hannunsu, wanda daga gare shi ne ake fitar da abin da na'ura ke karantawa. Wannan rubutu za mu ara masa kalmar malamanmu na zaure mu kira shi matani. Kamfanoni irin su Microsoft suna sayar da iznin amfani da manhaja, amma su kulle mataninta. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda aka baje mataninta a fili.

Sai kalma ta uku, wadda ita ce tushen rikici. Turanci yana da kalma guda wadda ke ɗauke da ma'anar kyauta da kuma ma'anar 'yanci, har ya zama masu wannan tafiya kullum sai sun tsaya suna bayanin wadda suke nufi. Hausa ta hutar da mu wannan wahala. Kyauta daban, 'yanci daban. Ana iya ba mutum riga kyauta a hana shi rage mata hannu. Ana kuma iya sayar masa da ita a ce ya yi yadda ya ga dama.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya yi shelar aikin da ya kira GNU, da nufin gina uwar manhaja wadda ba mai ikon kulle ta. Ya kafa gidauniya a 1985, a 1989 kuma aka fitar da lasisin da ake kira GPL. Wannan lasisi ya tsaya kan hakkoki huɗu: mutum ya yi amfani da manhaja yadda ya so, ya nazarci mataninta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma rarraba gyaran da ya yi. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya rarraba gyararren abu, to ya bar shi a buɗe kamar yadda ya same shi. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ƙwayar da ta rage a cika aikin, aka kira ta Linux. Daga nan ƙungiyoyi suka shiga haɗa wannan ƙwaya da sauran kayan aiki, kowa da irin zubinsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin zubi shi ne Debian, wanda aka fara a 1993.

A kan Debian ne Mark Shuttleworth, ɗan ƙasar Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu ta hannun kamfaninsa Canonical, aka fitar da zubin farko a watan Oktoba na 2004. Sunan daga harsunan Zulu da Kosa ya fito, ma'anarsa kuma ta yi kusa da abin da Bahaushe ke kira mutunci ko kirki. Ana fitar da sabon zubi kowane wata shida, a Afrilu da Oktoba, sa'an nan kowace shekara biyu a fitar da mai dogon zango wanda ake kula da shi shekara biyar. A farkon al'amari har faifai kamfanin yake aikowa ta gidan waya kyauta ga duk wanda ya roƙa, sai a 2011 aka daina.

4.0 Ma'aunin da Za a Yi Awo da Shi

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari ta nufi Aliero da Jega. Ƙasar Kebbe kuwa tana can ƙuryar kudu, ta yi iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara. Ƙananan hukumomin biyu mazaɓa guda ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma akasarin jama'arsu manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗanda Hausa ce harshen mu'amalarsu ta yau da kullum.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Kuchi ko na Jabo da uwar manhaja? Amsa ita ce ruwan ya riga ya iske shi har gida. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta zama ta kwamfuta. Ashe ke nan yaron da ya gama sakandare a Dogon Daji ko Sanyinna, in bai taɓa aza yatsa kan allon rubutun kwamfuta ba, an riga an kayar da shi rabin kaye tun bai karanta tambaya ba. Daɗin daɗawa, a ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kai ƙarshen wa'adin kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Kwamfutocin gwanjo da ke hannun malamai da ɗalibai da masu shagon buga takardu, da yawansu cikin wannan rukuni suke. Don haka tambayar me za a zuba musu ta zama tambaya mai bukatar amsa.

Za mu yi awon da abubuwa huɗu: kuɗi, wuta da sadarwa, harshe, da kuma mai gyara.

4.1 Kuɗi

Masu tallar Ubuntu sukan fara da cewa ba a biyan ko kwabo. Gaskiya ne, amma wannan hujja ta Turai ce, inda mutum ke sayen lasisi da kuɗinsa. A kasuwanninmu, kamar yadda kowa a wannan zaure ya sani, mai gyara yakan zuba wa mutum kwafin Windows marar lasisi, ya karɓi ladan aikinsa kawai. A idon mai saye, duka biyun kyauta ne, ɗaya kuma ita ya saba gani. Saboda haka wanda ya zo Tambuwal yana kirarin araha ya kawo gishiri ne garin da ake haƙarsa.

Inda Ubuntu ta yi rinjaye a nan shi ne halasci da lafiyar na'ura. Kwafin sata ba ya rasa ɗauke da ƙwayoyin cuta, kuma filas ɗin da ke yawo daga shago zuwa shago shi ne babban mai yaɗa su. Mafi yawan waɗannan cututtuka don Windows aka ƙera su, ba sa kama Linux. Haka kuma makarantar gwamnati da ke koya wa yara gaskiya da riƙon amana bai kamata a iske ɗakin kwamfutarta cike da kayan da ba a biya hakkinsu ba.

4.2 Wuta da Sadarwa

A nan ne ikirarin ya fara rangaji. Zubin farko na Ubuntu yana shiga faifai guda mai ɗaukar megabayit 700. Zubin Afrilu 2024 kuwa ya haura gigabayit 5, kuma ana son na'ura mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabayit 4. Tun 2017 babban zubin ya daina fitowa domin tsofaffin na'urori masu tsarin 32. Bugu da ƙari, kamfanin ya shigo da wani salon ƙunshe manhajoji mai suna Snap, wanda ke sabunta kansa da kansa ta intanet, wanda kuma rumbunsa yana hannun kamfanin shi kaɗai, ba a buɗe mataninsa ba. Wannan ne ya sa masu zubin Linux Mint suka toshe shi a nasu tun 2020.

Duk waɗannan sauye-sauye an yi su ne da tunanin mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa kuma ba a auna masa da cokali. Malamin firamare a Girkau ko Ungushi, wanda ke sayen data da kuɗin cefane, ba ya cikin lissafin. Mun kuma ga yadda gobarar tashar wuta ta Birnin Kebbi a 2023 ta jefa wannan shiyya cikin duhu, da yadda aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. Manhajar da ba ta cika aiki sai da igiyar intanet a wuyanta ba ta dace da irin wannan wuri ba.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa maganin yana cikin gidan. Akwai zubi marasa nauyi irin su Lubuntu da Xubuntu, waɗanda ke tayar da na'urar da aka fid da rai da ita. Doka ta kuma yarda mutum guda ya sauke manhajar sau ɗaya a Sakkwato, ya zuba a filas, ya zagaya da ita makarantu ɗari. Da manhaja irin Kiwix ana iya ajiye Wikipedia ta Hausa da ta Turanci a cikin na'ura a karanta ba tare da intanet ba.

4.3 Harshe

Wannan shi ne ma'aunin da ya fi shafar mahalarta wannan taro. Ta fuskar rubutu, an yi nisa. Haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke amfani da ita, duk suna cikin ma'aunin haruffa na duniya da ake kira Unicode, kuma Linux tana zuwa da tsarin allon rubutu na Hausa wanda mutum zai zaɓa kurum. Wanda ya tuna yadda ake bin takarda da biro ana lanƙwasa haruffa bayan an gama bugu da tafireta, ya san wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Ajami ma bai rasa rabo ba: a 2016 Unicode ta ƙara haruffan fa'un da ƙafun da nunun irin na rubutun Warshu, a 2017 kuma ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, da lasisi buɗaɗɗe.

Amma ta fuskar fassarar umarnin da ke bayyana a fuskar na'ura, labarin ba daɗi. Ɗan abin da aka fassara na Hausa bai kai a ce mutum ya kunna kwamfuta ya yi aiki ya kashe ba tare da ya yi karo da Turanci ba. Abin kunyar shi ne Microsoft, wadda ta kulle mataninta, ta fitar da fuskar Hausa ta Windows 7 da wasu daga cikin waɗanda suka biyo baya, alhali manhajar da ƙofarta ke buɗe ga kowa tana nan da gutsattsarin fassara. Laifin wa? Kamfanin yana da nasa kaso, tun da ya yi kirari da sunan Afirka. Amma fassarar buɗaɗɗiyar manhaja aikin sa kai ne na masu harshen. Kason da ya fi girma namu ne, mu da muke karɓar albashi da sunan Hausa.

4.4 Mai Gyara

Bahaushe ba ya sayen babur sai ya tabbata akwai bakanikensa da kayan gyaransa a kusa. Haka kwamfuta. Mai shagon buga takardu ya koyi aikinsa da Microsoft Word da CorelDraw, da su yake buga katin biki da kalandar siyasa. Akwai madadinsu a Linux, irin su LibreOffice da Inkscape, amma hannu ya riga ya saba, kuma takardar da aka tsara a ɗaya takan ɗan karkace in an buɗe ta a ɗayan. In firinta ta ƙi aiki, wa zai duba? Matuƙar babu yaro a bakin kasuwar Tambuwal da ya iya wannan aiki yake kuma cin abinci da shi, to duk na'urar da aka kawo da Ubuntu, ranar da ta fara tari za a goge ta a mayar da abin da aka sani.

5.0 Darasi Daga Abin da Ya Gabata

Ba yau aka fara gwada wannan abu a Nijeriya ba. A wajajen 2006 wani kamfani mai suna Leapsoft ya fito da Wazobia Linux, da fassarar Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma wani ɓangare na 'yar Hausar da ke cikin fuskar GNOME daga wannan aiki ya samo asali. A 2007 shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, mai amfani da Linux, ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja. A shekarar dai kamfanin Mandriva na Faransa ya sami cinikin zuba manhajarsa a kwamfutocin 'yan makaranta 17,000, har takaddama ta tashi da aka ji za a goge a sa Windows, shugaban kamfanin ya rubuta wa shugaban Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa. Kamfanin Mandriva kansa ya rushe a 2015.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi saiwa. A ganina dalilin guda ne: duka sun fara daga na'ura da kwangila, suka bar malami da mai gyara a baya. A kwatanta da Jihar Kerala ta Indiya, wadda ta mayar da makarantun gwamnatinta kan Linux ta hanyar horar da malamai, da shigar da abin cikin manhajar karatu da jarrabawa, da shirya zubi nata na kanta a kan Ubuntu. Birnin Munik na Jamus kuwa, da dukan arzikinsa, ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kuma yanke ta janyewa a 2017 bayan shugabanci ya sauya hannu. Ashe abin da ke riƙe irin wannan aiki shi ne mutanen da suka iya shi a ƙasa, da hukumar da ba ta sauya ra'ayi da sauyin kujera.

6.0 Gadon da Muke da Shi

Hakkokin nan huɗu da aka lissafa a baya ba baƙi ba ne a ƙasar Sakkwato. Tambuwal gari ne da tarihi ya danganta da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, yana kuma tsakanin Sakkwato da Gwandu, cibiyoyi biyu na rubuce-rubucen ƙarni na 19. Ta yaya littattafan wancan zamani suka yaɗu ba tare da maɗaba'a ba? Ɗalibi ya ari littafi ya kwafa da hannunsa, malami ya yi sharhi a gefe, wani ya fassara, wani ya yi tahamisi, kowa kuma ya ambaci sunan mai asali. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Matani ɗaya, hannu uku, ba wanda ya ce an yi masa sata.

Ba ina cewa malaman can sun san lasisin GPL ba ne, kuma kwatancen yana da iyaka, domin waƙa in an kwafe ta ta zauna, manhaja kuwa kullum tana bukatar sabuntawa. Abin nufi shi ne, al'ummar da ta ɗauki ilmi a matsayin abin da ake kwafa a ƙara masa a miƙa gaba, ba ta da uzurin zama 'yar kallo a wannan fage.

7.0 Shawarwari

Na farko, sassan Hausa da na kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari su haɗa kwamiti guda na keɓaɓɓun kalmomin kwamfuta. Muna da abin koyi a aikin Hausa Metalanguage na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A tsaya kan daidaitacciyar Hausa, amma a gwada kowace kalma a kunnen Basakkwace da Bakano da Bamarade kafin a tabbatar da ita.

Na biyu, a karɓi fassarar wani yanki na manhaja a matsayin aikin kundin digiri na farko, da sharaɗin a miƙa ta ga masu kula da manhajar don kada ta ƙare a kan kanta tana shan ƙura.

Na uku, a shirya zubi marar nauyi wanda ke aiki ba intanet, ɗauke da allon rubutun boko da na ajami da darussan koyon bugu, a gwada shi a makaranta guda a Tambuwal da guda a Kebbe har shekara biyu kafin a yi maganar faɗaɗawa.

Na huɗu, a fara horar da masu gyara da malamai kafin a sayi na'ura ko ɗaya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero maƙwabciya ce, ana iya neman hannunta.

8.0 Kammalawa

Mun auna ikirarin Ubuntu da ma'auni huɗu. A kuɗi, rinjayenta kaɗan ne. A wuta da sadarwa, babban zubinta ya yi wa ƙauyukanmu nauyi, ko da yake ƙannenta suna iya ɗaukar kayan. A harshe, ta ba mu haruffa ta bar mu da fassara. A gyara kuwa, ba ta da kowa tukuna. Hukuncin da ya fito shi ne, a yadda take a yau, ba ta zama manhajar kowa da kowa ba a ƙasar Tambuwal da Kebbe. Amma ita da 'yan'uwanta buɗaɗɗu su kaɗai ne doka ta yarda mu sa hannu mu mayar da su haka, ba tare da neman iznin wani kamfani ba. Ina fata in Allah ya kai mu taro na gaba, a sami wanda zai tashi a wannan zaure ya karanta mana jerin kalmomin da aka amince da su da adadin shafukan da aka fassara, domin a sami abin da za a yi wa tarke na gaske.